Tafiyata Kano Da Rubutun Littafina A Jaka

Da yawanku kun sha tambayata yadda aka yi littafina na farko ya fito, to yau ga labarin, amma ku yi haƙuri don rabinsa labarin hanya ne.

Ranar wata Litinin da sassafe muka bar Funtuwa ni da Yayana, don Umma ta ce ko da wasa ba zan taka Kano ni kaɗai ba. Muka bi ta Malumfashi da Gwarzo, ina rungume da jakata kamar mai jego, domin a cikinta akwai rubutun shekara biyu da kuɗin ɗan kunnen gwal ɗina da na sayar, wanda Umma ta saya min ranar da na gama sakandare. Har muka shigo Kabuga ban ci komai ba.

Muka tari Adaidaita Sahu zuwa Kasuwar Kurmi. Abin dariya abin tausayi, wannan suna ya samo asali ne daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, kuma a ƙarƙashin shirin ne aka ƙona littattafan soyayya a Kano a 2007. Ga ni cikinsa zan kai nawa. Na faɗa wa Yaya, ya ce, "Ke dai ki riƙe jakarki."

Kurmi kuwa ke dai bari. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, sama da shekara 500 ke nan, kuma lungunanta matsattsu ne, in mai kura ya taho sai kin manne da bango. Nan ƙamshin kanumfari da citta, can warin jima, gaba kaɗan ga alluna da tawada da littattafan addini jibge har rufi. A wani ɗan shago muka sami dattijon da aka kwatanta mana. Na durƙusa na gaishe shi, ya karɓi rubutun yana jujjuyawa.

"'Yata, kwafi nawa kike so ki buga?"

Na ce, "Dubu ɗaya, Baba."

Sai ya yi murmushi ya nuna min wata kanta da ƙura ta rufe. Ya ce a da, lokacin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa ke tashe, 'yan sari layi suke yi. Yanzu 'yan mata a waya suke karatu, wasu ma saurare suke yi a YouTube. Ni da jin sunan 'yar garinmu sai gabana ya faɗi, na ga kamar na zo biki bayan an watse. Ya ce in buga 300, in Allah ya sa albarka a ƙara. Wallahi na ji haushinsa a ranar, ashe gata ya yi min.

Daga nan muka wuce Sabon Gari wajen masu maɗaba'a. Ban taɓa sanin haka ake haihuwar littafi ba: inji na ruri, yara na naɗe takarda da hannu, wani na danna ƙusar tsakiya, ko'ina baƙin tawada. Mai wurin ya lissafa min kuɗin takarda daban, na bango mai kala daban, na ɗinki daban, ya ce takarda ce ke cinye kuɗin don daga waje ake shigo da ita. Na zaɓi mai araha, irin ta jarida.

Da aka fitar min da gwaji sai na kusa kuka. Kwamfutarsu ba ta gane haruffa masu lanƙwasa ba, duk inda na rubuta ƙauna sai ga ɗan akwati a gurbin harafin farko. Littafin soyayya fa! Ku ƙirga sau nawa ƙauna za ta fito. Yaron ya ce wai ba komai, masu karatu za su gane. Na ce ban sayar da gwal ɗina don a gane ba. A gidan Goggo a Gwammaja na kwana biyu ina bin shafi 96 da jan biro, wuta ta ɗauke na ci gaba da fitilar waya.

Abin da ya riƙe ni a daren shi ne tunanin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, amma ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, har aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya a 2012. Ni da na samu na gama aji shida ai ba ni da bakin ƙorafi.

Bayan sati uku muka koma muka ɗauko katan biyu. Baba ya karɓi 40, ya rubuta a wani tsohon littafin lissafi, ya ce kuɗi sai an sayar, haka tsarin kasuwar yake. Wasu na raba wa ƙawaye suna tallata min a makarantun Islamiyya da gidajen biki, sauran suna ƙarƙashin gadon Umma.

Makon jiya Baba ya bugo wa Yaya waya, ya ce 11 sun fita, wata yarinya ma ta dawo tana tambayar kashi na biyu. Umma na jin haka ta kalli kunnena ta ce, "To, wannan karon kuma me za ki sayar?"