Yaron Gidanmu, Laimar Shawagi da Iska Mai Ƙarfi

Uwargida, na tabbata kin taɓa cin karo da irin bidiyon nan a wayarki: mutum ya rugo da gudu daga kan dutse, wata ƙatuwar laima mai launi-launi ta buɗe a saman kansa, sai ga shi yana lilo tsakanin sama da ƙasa yana ta washe baki. Wataƙila kin ce, "Su dai Turawa ba sa gajiya da neman rigima," kika wuce abinki. To yanzu abin ya wuce Turawa. Yaranmu da ke karatu a Turkiyya suna hawa, amare masu zuwa yawon buɗe ido suna hawa. A Ghana ma tun 2005 ake yin bikinta lokacin Ista a kan dutsen Odweanoma da ke yankin Kwahu, a tashi daga can a sauka a garin Nkawkaw. Bidiyon da za ki gani gobe, ba mamaki ɗan da kika goya ne a ciki.

Ni dai ya riga ya zo kaina. Babban yaron gidanmu, wanda ba zan kama sunansa ba, kin san dalili, yana shekara ta biyu a karatun injiniya a Turkiyya ya shiga ƙungiyar ɗalibai masu koyon wannan abu. Bai ɓoye mini ba. Ya kira ya zayyana mini komai, sannan ya rufe da maganar da ta fi komai nauyi: "Umma, idan kika ce in bari, na bari."

Ke ma uwa ce, kin san abin da wannan magana ke nufi. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta kashe zancen. Amma na san yaron. Zai bari ɗin, sai dai daga ranar ba zai ƙara kawo mini irin wannan labari ba, shi da ƙannensa da ke kallon yadda za mu ƙare. Idan kuma na ce ya je, wani abu ya faru, da wane ido zan dubi kaina? Sai na ce ya ba ni wata guda, kuma ya koya mini abin tamkar ni ce zan hau. Abin da na koya a wannan wata, da wanda na gani da idona daga baya, shi nake so in ba ki.

Sunanta a bakinsu faragilaida, ni kuwa laimar shawagi nake ce mata. Ba ta da inji, ba ta da ƙarfe. Yadin nailan ne mara nauyi, falle biyu, sama da ƙasa, an ɗinka shi aljihu-aljihu, bakin kowane aljihu a buɗe ta gaba. Iska ce ke shiga ta cika aljihunan, yadin ya kumbura ya zama fiffike. Ta mutum ɗaya takan kai murabba'in mita 25, wato faɗin ɗaki mai mita biyar-biyar, amma nauyinta bai wuce kilo biyar ko shida ba. Daga jikinta siraran igiyoyi ke saukowa zuwa wata kujerar yadi da ake ɗaure mutum a ciki kamar goyo. A kowane hannu akwai igiyar birki: ka ja ta dama ka karkata dama, ka ja duka biyun ka rage gudu. A 1978 aka fara tashi da irinta daga gangaren dutse, a ƙauyen Mieussy na ƙasar Faransa.

Na ɗauka tsawon dutsen ne abin tsoro. Ya ce a'a, iskar ce, kuma sau da yawa tun mutum yana ƙasa take kayar da shi. Ya yi mini lissafin da har yau ban manta ba. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take jan laimar da shi ninki huɗu yake yi. Idan ya ninka uku, ya zama ninki tara. Ki tuna ranar da kike ƙoƙarin kwashe zanin gado daga igiyar shanya, iskar hadari ta taso, yadda yake fizgar hannunki. To ki auna yadin da ya ninka wannan zani sau biyar ko shida, kuma a ɗaure yake da ƙugunki. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. Wannan kayan ya fi kara kama iska.

Iskar da suke so ita ce mai gudun kilomita 10 zuwa 20 a awa, wadda ke busowa kai tsaye ta fuskar gangaren. Idan ta haura 25, ɗan koyo ya zauna ya yi kallo. Dalilin a fili yake. Laimar kanta tana tafiya ne da gudun kilomita 37 ko makamancin haka. Idan ta fuskanci iska mai gudun 30, abin da ya rage mata 7 ne, tafiyar mai sauri a ƙafa. Idan iskar ta kai 40, mutum na kallon gaba amma baya ake tafiya da shi. Akwai wani sanda da suke takawa da ƙafa don ƙara gudu, sai dai idan an taka shi laimar ta fi saurin lanƙwashewa in iska ta hargitse. Bayan dutse kuwa nan ne mugun wuri. Kin ga yadda ruwan kwata ke jujjuyawa a bayan dutsen da ya tare masa hanya? Haka iska ke yi a bayan tsauni, kuma a nan take naɗe laima ta yar.

Ba ƙarfin iska kaɗai suke dubawa ba, har da halinta. Duk wadda ta taɓa shiƙar gero ta san wannan: iska mai tafiya bai ɗaya ita ke raba tsaba da ƙaiƙayi, mai zuwa da fizga kuwa sai ta watsa miki hatsin. Iskar da ta tsaya a 20 ta fi musu wadda ke kwanciya a 10 sannan ta zabura zuwa 25. Shi ya sa za ki ga an kafa wani ƙyalle mai kama da hannun riga a kan sanda a wurin tashi, suna zaune suna kallonsa minti goma, minti ashirin, suna ƙirga tazarar da ke tsakanin fizga da fizga. Shi ya sa kuma 'yan koyo ke tashi da safe ko da yamma. Da tsakar rana ƙasa ta ɗau zafi, iska mai ɗumi na tashi sama da ƙarfi, sararin ya zama kamar hanya mai gargada.

Yadda suke ɗaga laima a iska mai ƙarfi na gani da idona, shekarar da muka je bikin kammala karatunsa. Ya kai ni dutsen Babadag da ke saman garin Oludeniz a kudu maso yammacin Turkiyya, dutse mai tsawon mita 1,969, Bahar Rum shimfiɗe a ƙarƙashinsa. Idan iska ba ta da ƙarfi, mutum kan bar laimar a bayansa ne ya ruga gaba. Idan tana da ƙarfi kuwa, sai ya juya ya fuskanci laimar, ya ba iska baya, don idonsa ya kasance a kanta. Ba ya shimfiɗa ta gaba ɗaya. Yakan ɗan taɓa igiyoyin gaba, iska ta cika aljihunan, yadin ya miƙe a ƙasa kamar katanga. A haka zai tsaya yana duba ko wata igiya ta sarƙe, yana jiran fizga ta wuce.

Daga nan sai abin da ya fi ba ni mamaki. Lokacin da laimar ta fara tashi, a tsakiyar hanyarta zuwa saman kai take da mafi ƙarfin ja. Jiki zai ce maka ka turje, ka ja da baya. Wanda ya turje, sai ta fizge shi daga ƙasa ko ta ja shi a kan duwatsu. Gwani kuwa takowa yake yi zuwa gare ta, taku biyu ko uku, ƙarfin ya ragu, ta hau saman kansa a hankali. Sai ya ɗan taɓa birki don kada ta wuce shi ta faɗo ta gaba, ya ɗaga kai ya duba ta, ya juya, ya sunkuya, taku kaɗan ƙafarsa ta bar ƙasa. Idan kuma abin bai yi masa ba, ba ya jan birki biyu da ƙarfi, domin a irin wannan iska hakan na iya ɗaga shi sama. Igiyoyin baya yake kamawa ya ja, laimar ta karye ta zube. Yaron ya ce kafin malaminsu ya bar shi ya tashi ko sau ɗaya, sai da ya yi kwanaki a fili yana wannan ɗagawa da saukewa har tafin hannunsa ya yi kanta.

Ranar da muka hau, ƙyallen nan a miƙe yake sambal, yana kaɗawa yana ƙara. Wasu ƙwararru biyu sun tashi. Shi ya ɗaura hular kwano, ya shiga kujerarsa, ya tsaya ya fi rabin awa yana kallon sandan. Ga uwarsa ta taso tun daga Najeriya, ga ƙanwarsa ta saita waya tana jira. Sai na ga ya kwance ɗamara, ya fara naɗe laimar. Ya zo ya ce, "Umma, yau ba tawa ba ce." Muka sauko a mota. Ƙanwar ta yi ta mita har ƙasa. Ni kuwa a ranar na fara yin barci sosai a kan wannan lamari, domin na ga zai iya jin kunyar idon mutane ya haɗiye ta.

Kada ki ɗauka ina ce miki babu haɗari. Akwai, kuma yana cin ƙwararru ma. A watan Fabrairun 2007, a Manilla ta ƙasar Ostireliya, wata gwanar tashi daga Jamus mai suna Ewa Wisnierska tana atisayen gasar duniya, hadari ya zuƙe ta zuwa cikin gajimare. Na'urarta ta nuna ta kai mita 9,946, sama da ƙololuwar dutsen Everest. Ta suma a cikin ƙanƙara, ta farfaɗo, ta sauka da rai. Wani ɗan ƙasar Sin, He Zhongpin, da hadarin ya haɗa da shi, bai tsira ba. Ke da kika san iskar da ke riga ruwan farkon damina isowa, wadda ke yaye kwanon ɗaki, ba sai an yi miki dogon bayani ba. Hadari na iya kasancewa can nesa, iskarsa ta riga shi zuwa. Dokarsu ita ce da zarar an ga gajimare na tashi tsaye yana yin baƙi, kowa ya nemi ƙasa.

Yawancin yaranmu ba koyo za su yi ba, hawa ɗaya ne na nishaɗi, a goya su a gaban matuƙi na kimanin rabin awa. Idan naki ya kira ya ce zai hau, ga abin da za ki tambaye shi. Matuƙin na da takardar shaidar ɗaukar fasinja, kuma ya yarda ya nuna ta? Akwai hular kwano ga kowa? Akwai laimar ko-ta-kwana a jikin kujerar? Waye zai duba ɗamarar cinya kafin a tashi? Ita ce ke hana mutum zamewa ta ƙasa, kuma mantuwa da ita ta kashe mutane. Sannan ki tambayi wadda na fi ba muhimmanci: idan iska ta yi ƙarfi aka fasa, ana mayar da kuɗi ko a sake rana? Inda ba a mayarwa, matuƙi da fasinja duk suna da dalilin tashi a ranar da bai kamata ba. Ki gaya masa kuma, idan matuƙi ya ce a jira, kada ya roƙa, kada ya ce jirginsa gobe ne. Idan 'yarki ce, ta tambaya tun wuri ko akwai matuƙiya mace, ta sa wando a ƙarƙashin doguwar riga da takalmi sau-ciki, ta kuma cusa bakin mayafinta cikin riga don kada ya sarƙe da igiya.

Idan kuma koyo yake so ya yi, ya nemi makaranta mai rajista, kada ya koya a YouTube ko wajen aboki. Laimomin suna da aji daga A zuwa D. Ajin A shi ne na ɗan koyo, shi ya fi saurin gyara kansa idan ya lanƙwashe. Kada arha ta sa ya sayi tsohuwar laima da ba a gwada ta ba, domin rana na cin yadin har iska ta riƙa ratsa shi.

Da watan nan ya cika, sharaɗi uku na ba yaron: ba tashi shi kaɗai, ba tashi idan malaminsa ya ce a'a, kuma ya turo mini saƙo idan ya sauka, ba kafin ya tashi ba. Na ukun don lafiyar zuciyata ne. Har yau idan saƙon ya shigo sai na yi hamdala, kuma ban fasa yi masa addu'a ba. Akwai iyayen da za su ji duk wannan su ce a'a, kuma ban ga laifinsu ba, kowa ta san ɗanta. Wani yaron idan ya ga idon jama'a a kansa ba ya iya ja da baya, irin wannan ni ma ba zan bari ya hau ba. Kafin ki yanke hukunci, ki tuna lokacin ƙarshe da ɗanki ya shirya wa abu tsaf, abokansa na jiransa, ya duba ya ga bai dace ba. Ya fasa, ko ya tafi?