Inda Ake Auna Numfashin Duniya

Daga garin Hilo, a tsibirin Hawai na Amurka, mota ta yi ta hawa da mu har gajimare ya koma ƙasanmu. Ba ciyawa, ba tsuntsu, sai baƙin dutsen da ya malalo daga aman wuta ya daskare, iya ganinka. A nan, a kafaɗar dutsen Mauna Loa, kusan mita 3,400 sama da teku, tashar auna iska take. Taku kaɗan sai haki, ga sanyi mai ratsa ƙashi.

Tashar ba ta da wani ado, 'yan ɗakuna ne da hasumiyar ƙarfe. Daga ƙolin hasumiyar siraran bututai ke zuƙo iska zuwa ɗaki, inda wata na'ura ke ratsa ta da hasken da ido ba ya gani, ta gano yawan iskar kabon da ke ciki. A waje wasu na'urori na auna zafi da danshi da inda iska ta fito. Duk abin da suka samu sai su miƙa wa na'urar ajiye bayanai, ita kuma ta rubuta haɗe da lokacinsa, ba dare ba rana. Wani ma'aikaci ya nuna mini tukwanen gas jere a jikin bango. An san adadin abin da ke cikinsu, da su ake gwada na'urar a kai a kai don kada ta kauce. In kuwa iskar dare ta gangaro da tururin dutsen kansa, alƙaluma sukan yi ta tsalle, nan take a gane su a ware.

Charles David Keeling ne ya fara wannan awo a 1958. A lokacin, cikin kowane kashi miliyan na iska, kimanin 315 ne na kabon. A Mayun 2013 adadin ya taɓa 400, yau ya haura 420.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zanen awon. Layi ne mai hawa, amma da haƙora kamar zarto. Duk shekara yakan kai ƙololuwa a Mayu, ya yi ƙasa zuwa ƙarshen Satumba, domin dazuzzukan arewacin duniya sun yi ganye sun shanye kabon. Ganye ya zube ya ruɓe, sai layin ya sake miƙewa, ya zarce na bara. Wato itatuwan Kanada da Saberiya na shaƙa suna fesarwa, ana jin su a tsakiyar tekun Fasifik!

Bayan zuwana, a ƙarshen Nuwamban 2022, dutsen ya yi aman wuta, ya datse hanya da wayar lantarki, tashar ta tsaya cik. Kafin Disamba ya yi nisa masana sun kafa wata na'ura a kan maƙwabcinsa, dutsen Mauna Kea, aka ci gaba da awo daga can.