Jinyar Zomanya

Ran da likitan dabbobi ya cire wa zomanyar wani malami mahaifa, ba ɗinkin ne ya hana malamin barci ba, cikinta ne. Shi zomo ba ya amai, saboda haka ba a hana shi abinci kafin aiki. Amma in ya kwana bai ci ba hanjinsa yakan tsaya, abin kuwa yakan kai ga mutuwa. To, ga ta nan a kusurwa, kunnuwa sun yi sanyi, ko dusa ta ƙi sansanawa. Ya rufa mata tsohon zane, ya yi ta miƙa mata ɗanyar ciyawa. Can wajen asuba ta gatsa. Da hantsi ya ga 'yan kashi a tabarma, sa'an nan ya kwanta.