Alhajin Bakin Tasha

Da Janar Ibrahim Babangida ya yanke Jigawa daga jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, ya ce Dutse ce hedikwata, garin bai shirya wa baƙin da suka kwararo masa ba. Gidajen haya sun yi kaɗan, ofisoshi sun yi kaɗan, wurin cin abinci na kirki sai an tona. Ma'aikata da yawa a Kano suke kwana, su biyo ta Wudil da sassafe, su juya da yamma. Mahaifina na cikin waɗanda aka bai wa sabuwar jiha, amma shi bai yarda da wannan zirga-zirgar ba. Ya kwaso mu ya kama mana gida a Takur, lokacin gonaki sun fi gidaje yawa a unguwar.

Inda maza suka taru ba iyali, mai tuwo ne sarki. Cikin masu abincin da suka biyo ma'aikata daga Kano akwai wani mutum da ba zan kama sunansa ba, domin 'ya'yansa da jikokinsa suna nan da ransu. Kowa Alhaji yake ce masa, ga haƙorin Makka yana walƙiya in ya yi dariya. Abokan sana'arsa kuwa in sun keɓe Hajiya suke kiransa, ana "ke" ana "ƙawata". Ɗan daudu ne, bai taɓa ɓoyewa ba. Ko ya so ma ba za ta ɓoyu ba, don tafiyarsa da yadda yake tafa hannu ya riƙe haɓa in ya ji abin mamaki sun riga sun faɗa.

Rumfarsa tana bakin tasha. Tuwon shinkafa da miyar taushe, garau-garau, farfesun kayan ciki, da soyayyar kazar da har yau ban ci irinta ba. Yana da wani littafi da mai ya jiƙa, inda yake rubuta bashin ma'aikata da ajami, sai wata ya yi a biya. A shekarun 1993 da 1994, da man fetur ya yi wuya, albashi ya daina kai mutane ƙarshen wata, wannan littafin ya rufa wa magidanta da yawa asiri. Wasunsu daga baya sun zama manya a gwamnati.

Amma ni ba a tasha na san shi ba, a tsakar gidanmu na san shi. Innata ce ta fara kiransa lokacin da ake haɗa garar yayata, don a unguwar babu wanda ya kai shi iya alkaki da nakiya da dubulan. Ya yi sallama daga zaure, ya jira aka ba shi izini.

"Hajiya, barka da gida. Ina amaryar tamu? A fito mini da turmi, a kuma kore mini yaran nan daga bakin murhu."

"Alhaji, sannu da zuwa. Ga su nan, 'ya'yanka ne, ka sa su aiki."

Inna ta ce mu riƙa ce masa Baba, haka kuwa muka yi har ya bar duniya. Yana murza alkama yana ba ta labarin kansa, ni ina gefe ina miƙo ludayi. Maraya ne daga wani ƙauye, aka kai shi almajiranci Kano. Yunwa ta kai shi Sabon Gari wanke-wanke a gidan wata magajiya. A nan wani babban ɗan daudu, wanda har ya tsufa "uwata" yake ce masa, ya koya masa girki da ɗaurin zani da sarrafa harshe. A nan ya fara bin masu garaya wuraren wasan bori, ya gane Allah ya ba shi murya. Daga baya ya yi shekaru a Jidda yana dafa wa alhazai abinci, ya sauke farali, ya dawo ya yi aure. Matarsa da 'ya'yansa suna ƙauye, duk ranar kasuwar Shuwarin yakan aika musu da hatsi da kuɗin makaranta.

Ranar wunin bikin na ga ɗaya sana'ar tasa. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi, mata suka cika gidan har soro. Masu kiɗan ƙwarya suka kifa ƙorensu, ɗaya a cikin baho mai ruwa, suka fara gwada sanduna. Baba ya shigo da kaftaninsa da hularsa, da wata jakar leda a hammata, ya shige ɗakin Inna. Da ya fito sai guɗa ta tashi. Ya ɗaura atamfa a ƙirji, ya kafa ɗaurin kallabi mai tsayi, ya zizara kwalli, ya yafa gyale a kafaɗa ɗaya. Gemunsa na nan, bai ɓoye shi ba, ba kuma wanda ya ɗauka mace ce. Daɗin wasan ke nan: kowa ya san wane ne, amma in ya taka, ya karya wuya, ya harari gefe, sai kowace mace ta ga kishiyarta, ko uwar mijinta, ko ita kanta.

Waƙarsa ta amada ce, irin hanyar da Uwaliya Mai Amada ta Kano da Barmani Choge ta Funtuwa suka shahara da ita. Yakan ɗauko amshin da mata suka sani, sannan ya zuba nasa a kai nan take. Ya dubi dangin ango ya yi musu habaici a kan lefe, kafin su ɓata rai ya juya ya wasa kakarsu har ta tashi ta liƙa masa Murtala. Ya yi wa amarya faɗa a kan tsafta da riƙon sirri. Ya yi wa mazan da ke barin gida ba cefane tatas, mata suna ihu suna cewa ya ƙara. Abin da matan Takur ba su iya faɗa wa mazansu, shi yakan faɗa da kiɗa, kuma mazan suna zaure suna ji. Naira biyar da goma suka rufe tabarma, mai ji da kanta ta liƙa Wazobiya. Yaransa biyu suna tsincewa, a nan gaban kowa ya raba da makaɗa.

Da aka kira magariba ya ɗaga hannu kiɗa ya tsaya. Ya koma ɗaki, ya fito da kaftaninsa, ya wanke fuska, ya yi alwala a bakin rariya, ya tafi masallaci. Mahaifina ya ce kullum a sahun baya yake tsayawa, can gefe.

Daga wannan bikin kasuwarsa ta buɗe. Ana ɗaukarsa zuwa Kiyawa da Birnin Kudu da Jahun, wani lokaci sai an yi wata guda ana jiran ranarsa.

Kada mai karatu ya ɗauka zamanin nan kowa ya yarda da shi. Malamai sun daɗe suna karanta hadisin da ya hana namiji kamanta kansa da mace, kuma Alhaji Aƙilu Aliyu ya yi wa 'yan daudu waƙar zargi mai zafi a cikin littafinsa Fasaha Aƙiliya. Mahaifina kansa bai taɓa zama kallon wasan ba, yakan ce Allah ya shirye shi. Baba ma ya san haka. Na ji shi da kunnena yana ce wa Inna, "Hajiya, ki sa ni a addu'a, Allah ya sa mu cika da kyau." Abin da ake da shi a lokacin shi ne, ana ƙin aikin mutum ba a zubar da mutuncinsa ba. Mu ma 'yan mata da azumi mukan saka wa ɗayarmu babbar riga da hula mu fita tashe, a makarantun kwana na maza kuma yaro ne ke fitowa a matsayin matar gida in za a yi wasan kwaikwayo.

Daga 1999 abubuwa suka juya. Zamfara ta ƙaddamar da shari'a, Kano ta bi a tsakiyar 2000, Jigawa ta yi nata a watan Agusta na wannan shekarar, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. Aka rufe gidajen mata masu zaman kansu da wuraren giya, wasan bori ya koma ɓoye. Gidaje da yawa suka maye gurbin wuni da walima, a kira malama ta yi wa'azi. Waɗanda ba su bar kiɗa ba kuma suka koma kaset ɗin waƙoƙin fim masu fiyano. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a daidai shekarun nan marigayi Rabilu Musa Ibro yana kwaikwayon 'yan daudu a fim, ana saye ana dariya a gidajen da suka daina buɗe wa Baba ƙofa.

Baba bai yi gardama da kowa ba. Ya ninke zannuwansa ya rabar, ya riƙe tukwanensa. Duk da haka ba a ƙyale shi ba. Wata rana da hantsi Inna ta aike ni sayen kaza, na tarar da wasu samari sun kewaye rumfar. Ba hukuma ce ta aiko su ba, ba alƙali ne ya yanke hukunci ba. Suka kifar da tukunyar miya, suka fasa kwanuka, ɗaya ya fizge masa hula ya jefa a kwata. Na gane biyu a cikinsu, iyayensu na cikin littafin bashin nan. Baba yana tsaye, hannunsa na rawa, abin da kawai yake maimaitawa shi ne, "'Ya'yana, me na yi muku?" Direbobin tasha ne suka taso suka kore su. Da yamma mahaifina, wanda bai taɓa kallon wasansa ba, ya saka babbar riga ya tafi wurin mai unguwa, ya ce wannan zalunci ne kuma ba za a yi shi da sunan addini a unguwar da yake zaune ba. Aka tara iyayen yaran, aka biya kuɗin kwanuka.

Rumfar ba ta koma kamar da ba. Yaransa suka watse, wasu suka tafi Abuja, wasu Legas. Shi ya rage girki, ya koma waina da safe kawai. Matan unguwa ba su yar da shi gaba ɗaya ba, in gara ta tashi a ɓoye ake aika masa da alkama da sukari, ya yi a ɗakinsa a zo a ɗauka da dare. Muryar kuwa ban sake jin ta ba, sai wani lokaci in yana juya waina yakan yi ƙasa-ƙasa da ita, in ya ga mutum ya yi shiru.

Ya rasu bayan doguwar jinya, shekaru kaɗan kafin rasuwar Barmani Choge a 2013. Mahaifina ya dawo daga maƙabarta ya ce wasu sun yi gunaguni a kan sallar, liman ya ce mutumin da ya yi shekara da shekaru yana bin sa salla ba zai ƙi sallatarsa ba. A zaman makoki matarsa ta nuna mana littafin bashin. Shafuka da yawa ba a soke su ba.

Abin da aka yi masa a tasha yana dawo mini duk lokacin da na ji taron mutane sun ɗauki hukunci a hannunsu. A Satumban 2018, a tsakiyar Atens, babban birnin Girka, da rana tsaka aka lakaɗa wa wani mai suna Zak Kostopoulos duka har ya mutu, mutane na tsaye suna kallo. Shi ma sana'arsa hawa dandamali ce cikin shigar mata. A Dutse Allah ya sa direbobi suka taso da wuri. Hukunci na alƙali ne, hisabi na Allah ne, kuma babu malamin kirki da ya taɓa halatta wa yaro ya kifar da tukunyar maƙwabcinsa.

A 2024 hukumar tace fina-finai ta Kano ta hana nuna daudu a fim, kiɗan ƙwarya kuma ya kusa ɓacewa daga bukukuwanmu. Na san a Takur da Fagoji da Limawa akwai iyaye mata da ke ajiye da kaset ɗin bikinsu na shekarun 1990 a ƙasan akwati. Ina roƙonku kada ku zubar. Ku ba 'ya'yanku su juye su a waya, ku kai wa masu nazarin adabin Hausa a Jami'ar Bayero, domin a ciki akwai abin da matan Jigawa suke faɗa game da aurensu a wancan zamani. Waɗanda kuma suka san sunansu na cikin littafin nan, iyalinsa suna nan, ku nemi su ku biya. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe mana baki ɗaya.