Jirgin da Mai Goyo Take Shiga

Da rani Gulbin Zamfara ba ya ba kowa tsoro. Yashi ne shimfiɗe, da ɗan ruwa kwance nan da can, yara su haye da ƙafa, mai babur ya sauka ya tura. Sai damina ta yi nisa, wajen Agusta da Satumba, gulbin ya kumbura ya yi jawur, ya shiga tsakanin gari da gonakinsa, tsakanin ƙauye da kasuwa. A lokacin duk mai buƙata a ƙetare, daga ƙasar Anka ya fito ko Bukkuyum ko Gummi, sai ya tsaya a mashaya ya jira kwalekwale.

A mashaya maza ba su cika tsayawa kallo ba. Jirgi na taɓa gaɓa sun naɗe ƙafar wando sun faɗa, kowa na neman inda zai ɗora buhunsa. Wadda take ja baya ita ce mace mai goyo, musamman in tana janye da wasu ƙanana biyu. Za ka gan ta tsaye gefe, ta riƙe hannun ƙaramin, ta taka gefen rigar babban da ƙafa don kada ya sulale bakin ruwa, idonta na kan jirgin. Wanda bai sani ba sai ya ce kunya ce ta hana ta kutsawa cikin maza. Akwai kunyar, amma lissafi take yi.

Abin da take fara dubawa shi ne abin da ya rage tsakanin bakin jirgi da ruwa. In kamu guda ne, da sauƙi. In ya koma tafin hannu, to ƙaramar igiyar ruwa, ko mutum ɗaya ya miƙe tsaye don gyara zama, ta isa ta sa ruwa ya fara kwarara ciki. Daga nan sai idonta ya sauka kan yaron da ke kwalfe ruwa da kwano. Babu jirgin katako da ba ya ɗan yoyo, kowa ya san haka, shi ya sa ake cusa tsumma a tsaga a shafe da kwalta. Abin lura shi ne ko yaron yana samun hutu. Wanda zai kwalfe sau uku ya ajiye kwano ya yi hira, jirginsa lafiya lau. Wanda hannunsa bai tsaya ba tun jirgi na gaɓa, me zai yi a tsakiyar gulbi?

Sai kaya. Buhun taki ko na shinkafa yana da nauyi, amma yana kwance inda aka ajiye shi. Babur a tsaye yake, nauyinsa a sama, in jirgi ya karkata sai ya bi karkatar ya ƙara mata ƙarfi. Akuya kuwa ba ta san an ce a zauna ba. Mai goyo ta fi son jirgin da mutanensa suka ɗan yi yawa amma suna zaune, a kan wanda aka jera wa babura biyu da ɗan maraƙi.

Yaron da ke karɓar kuɗi ya hango ta, ya ɗaga murya: "Inna, shigo mana, da sauran wuri."

"A'a ɗana, ku tai. Ni da ɗiyan ga sai sawu na biyu."

Ba a rasa wanda zai yi tsaki daga cikin jirgi, ko ya ce ai in kwana ya ƙare ko a kan gado ma mutuwa ake yi. Gaskiya ne. Amma ita ma da bisimilla za ta shiga in ta tashi shiga, kuma ba kwananta kaɗai take ɗauke da shi ba. Ni dai ban taɓa jin wannan "sai sawu na biyu" na ɗauke ta da rashin tawakkali ba. A wurina ita ce maganar da ta fi kowace hankali a mashayar.

Akwai wata ƙidayar da babu mai yi sai uwa, ƙidayar hannuwa. Hannu biyu gare ta, yara uku. Ko goyo ya ɗauke mata ɗaya, in abu ya faru ɗaya daga cikin sauran zai kuɓuce, domin ita ma tana bukatar hannun da za ta kama wani abu. Shi ya sa kafin ta shiga take waige-waige ta nemi wata mace da ba ta da yaro, ko wani dattijo da ta sani, ta ce, "Yaya, don Allah riƙe mini wannan har mu haye." In ba ta samu ba, ta fi son ta jira. Da sun shiga kuma sai ta zaunar da su a ƙasan jirgi, a tsakiya, ko da rigunansu za su jiƙe. Yaro ɗan shekara uku in ya zauna a gefe, ba abin da zai hana shi miƙa hannu ya taɓa ruwa, kuma kansa ya fi sauran jikinsa rinjaye.

Maganar goyon kansa, mata ba su haɗu a kan baki ɗaya ba. Wasu sun ce a ƙara tamke majanyi, don hannu ya sami sarari kuma jariri kada ya suɓuce. Wasu sun ce a kwance a dawo da shi gaba. Na fi karkata ga na biyun. Uwar da ta faɗa ruwa da goyo a baya ba ta ganin fuskar ɗanta, kuma duk lokacin da ta ɗaga kai ta kwanta baya don ta shaƙi iska, shi take ƙara dannawa ƙasa. Ga zane da hijabi sun sha ruwa sun naɗe ƙafafu. Ga shi yawancin 'ya'ya mata ba a koya musu iyo ba, ko da a bakin gulbi aka haife su. Mai ceto da ya nutsa zai fi sauƙin karɓar jariri daga hannu a kan ya tsaya kwance ƙulli cikin ruwa mai gudu.

A Turai da Amurka ma iyali kan zauna su zaɓi jirgin ruwa saboda ƙananan yara, sai dai na shaƙatawa ne a teku. Suna duba wanda ke da ɗakin wasa da masu reno da tafkin wanka marar zurfi. Suna da sararin duba waɗannan ne domin an riga an ɗauke musu babban nauyin: dokar ƙasa da ƙasa ta tilasta wa irin waɗannan jirage su tanadi rigar kariya ta yara daban, ta jarirai daban, kuma a nuna wa fasinja inda za su taru in haɗari ya taso. Aikin da jami'ai ke yi a can da takardu da ma'auni, a mashayarmu mace guda ke yin sa da ido, da yaro yana jan zanenta.

Ba wai babu doka ba ne a Najeriya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta hana lodi fiye da ƙima, ta ce kowa ya sa rigar kariya. Amma rigunan da ake gani a mashayu, inda ma akwai su, galibi na manya ne. Rigar babba a jikin ɗan shekara uku ba ta riƙe shi, yana faɗawa ruwa za ta taso sama shi kuwa ya zame ta ƙasa. Masunta sun daɗe da sanin amfanin gora, wanda ya taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu ya ga yadda take ɗaukar ƙato, kuma jarka marar komai da aka toshe bakinta da kyau tana yin irin wannan aiki. Sai dai gora da jarka na mai ƙarfin rungumar su ne.

Ranar Asabar 14 ga Satumba, 2024, kwalekwale ya kife da manoma a kusa da garin Gummi suna hanyar gona da safe, aka rasa mutum fiye da 40. Wani jami'in yankin ya gaya wa 'yan jarida cewa manoma sama da 900 ne ke haye wannan ruwa kullum, jirage biyu kacal ke ɗaukar su. A nan duk dabarar mai goyo ta ƙare. Wanda ke da jirgi biyu ga mutum ɗari tara ba zaɓi gare shi ba, sawu na biyu ma haka zai cika, na uku ma haka. A Bagwai ta jihar Kano, ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya taso daga Badau a kan madatsar ruwa ta Watari ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da za su je Mauludi. Yara da yawa, manya kaɗan. Ƙidayar hannuwan nan ba ta cika ba tun daga gaɓa.

Jira kuma ba kyauta ba ne a yammacin Zamfara. Wadda ta ƙi jirgin la'asar tana iya kai magariba a bakin gulbi, kuma a shekarun nan na 'yan bindiga ba wanda ke son dare ya riske shi a hanya. Saboda haka sawun ƙarshe ya fi kowane cika. Wadda ta ɗauko yaro mai zazzaɓi yana suma, za ta kai shi asibiti a ƙetare, ba ta da lokacin auna bakin jirgi. Tana gani sarai ya nutse, ta shiga.

Iyayen Tungar Daji da Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma sun san rashin ƙananan yara fiye da yadda baki zai faɗa. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum, galibinsu ba su kai shekara biyar ba. Wancan bala'i a cikin ƙura ya ɓuya, uwa ba ta da yadda za ta gan shi a tsakar gidanta sai da likitoci suka auna jini. Na gulbi kuwa a fili yake. Ana ganin sa daga gaɓa, kafin a biya kuɗi, kuma abin da ke ci mini rai ke nan duk lokacin da aka ce jirgi ya kife.

A Ingila, tun 1876, bayan gwagwarmayar wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll, aka wajabta zana alama a jikin jiragen ruwa don a ga iyakar lodi. Gwangwanin fenti ɗaya zai yi wa duk kwalekwalen mashaya guda irin wannan layi, Sarkin Ruwa da tsofaffin matuƙa su nuna inda za a ja shi, tunda su suka san jiragen. In ruwa ya taɓa layi, ba sai mace ta yi gardama da kowa ba, sai ta nuna da yatsa. Ranar kasuwa kuma a ware sawu ɗaya da safe, ɗaya kafin la'asar, na mata da yara, babu babur babu dabba.

Matuƙi zai ce wa zai biya shi, kuma yana da gaskiya. Da kai ake biyan sa, kuɗin haye ba yawa, in da inji ga tsadar mai, ga katako na ruɓewa duk shekara. Duk mutum biyar da ya bari a gaɓa, daga tuwon gidansa aka rage. Ƙananan hukumomin Gummi da Bukkuyum da Anka za su iya cike masa wannan giɓi na watanni ukun da gulbi ke cika, su ƙara jirgi a mashayun da suka fi cunkoso, su sayo rigunan kariya na yara a rataye su a rumfar Sarkin Ruwa tun kafin ruwan Yuli ya sauka.