Damuwar da Ba Ta Tafiya da Baƙi

Idan Babbar Sallah ta matso, kowa ka gani fuska a ɗaure. Rago ya yi tsada, tela ya kashe waya, yara na tambayar takalma. Amma wannan damuwar ta san ranar tafiyarta: da an soye nama, baƙi sun watse, sai ka ji mutum yana ƙyaƙyata dariya.

Wadda ke ba ni tsoro ita ce mai zama bayan an naɗe tabarmi. Likitoci kan duba ko ta kai mako 2: baƙin ciki kusan kullum, abin da mutum ke so ya fita ransa, ci da barci sun rikice, yana ganin ba shi da amfani. Mu kuwa "yi haƙuri" muke ce masa, alhali likita yake buƙata.

Akwai kuma mai bin yanayi, wadda Norman Rosenthal da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1984. A Landan, cikin Disamba, rana kan faɗi kafin ƙarfe 4. Ƙarancin haske kan jawo kasala da yawan barci, duk shekara lokaci guda, har da fitila ta musamman ake maganinta. Ɗalibinmu da ke can zai iya ɗauka kewar gida ce kawai.