Shekara Goma Sha Bakwai a Gida Ɗaya

A ranar 2 ga watan Agusta na shekarar 2001 ne ƙungiyar ƙwallon kwando ta Houston Rockets, da ke ƙasar Amurka, ta miƙa Hakeem Olajuwon ga ƙungiyar Toronto Raptors ta ƙasar Kanada, bayan ya yi mata wasa na tsawon shekara 17. Abin da ta karɓa a madadinsa shi ne damar zaɓen sababbin 'yan wasa guda biyu, waɗanda a lokacin ko sunayensu ba a sani ba. Mu da muka tashi muna jin sunan wannan mutum a bakin yayyenmu, muna kuma kallonsa a kaset-kaset na bidiyo da ake aro hannu zuwa hannu, labarin ya tsaya mana a rai. Dalili kuwa shi ne, mu ma baƙi ne a inda muke karatu da aiki, kuma kowanenmu ya taɓa tambayar kansa ko zama mai tsawo a wuri yana mayar da mutum ɗan gida.

An haifi Hakeem a Legas a ranar 21 ga watan Janairu na 1963, a gidan Yarabawa Musulmi masu sana'ar sayar da siminti. Da ƙwallon ƙafa ya fara, inda ya yi tsaron gida, sa'an nan ya yi ƙwallon hannu. Sai da ya kai wajen shekara 15 kafin ya taɓa ƙwallon kwando, shekarun da takwarorinsa na Amurka sun riga sun daɗe da gogewa. A 1980 ya tafi Jami'ar Houston, ya shiga hannun mai horarwa Guy Lewis. Idan an yi hutu kuma sai ya riƙa zuwa wani filin wasa na cikin gari yana karawa da Moses Malone, wanda a lokacin shi ne babban ɗan wasan Rockets. Sau biyu a jere, a 1983 da 1984, jami'arsa ta kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka, sau biyu kuma ana doke ta.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ake ɗaukar ɗan wasa a gasar NBA, domin ya sha bamban da abin da muka saba gani a ƙwallon ƙafa. A kowace shekara ana jera matasan da suka isa shiga gasar, ƙungiyoyi su riƙa zaɓe ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka fi shan kashi a bara su ne ke kan gaba. Saurayi ba shi da ta cewa game da garin da zai tafi. A 1984 ƙuri'ar jefa kwabo aka yi tsakanin Houston da Portland, Houston ta ci, ta ɗauki Hakeem a matsayin na farko. Michael Jordan shi ne na uku a wannan zaɓe. Ke nan kwabo ne ya bar Hakeem a garin da ya yi karatu, kuma har yau da wuya a sami wanda ke zargin Houston da yin zaɓen tumun dare, duk da irin abin da Jordan ya zama.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A shekararsa ta biyu, wato 1986, shi da abokin wasansa Ralph Sampson suka fitar da Los Angeles Lakers, suka kai ƙungiyarsu wasan ƙarshe, inda Boston Celtics ta doke su da ci 4 da 2. Daga nan sai al'amura suka yi ta taɓarɓarewa. Rauni ya cinye Sampson, aka sallame shi, Hakeem ya saura yana ɗauke da ƙungiyar kusan shi kaɗai. A watan Maris na 1990 ya yi abin da mutum huɗu kacal suka taɓa yi a tarihin gasar: a wasa ɗaya da Milwaukee ya ci maki 18, ya cafe ƙwallon da ta ƙi shiga sau 16, ya ba da ƙwallon da aka ci sau 10, ya kuma tare ta a sama sau 11. Duk da haka kofi bai zo ba.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. A 1992 rigima ta ɓarke tsakaninsa da shugabannin ƙungiyar. Suka zarge shi da ƙaryar ciwon cinya saboda yana neman ƙarin albashi, suka dakatar da shi, shi kuma ya fito fili ya nemi a sake shi ya koma wata ƙungiya. Ba a sami cinikin da ya gamsar da su ba, sai aka shiga sabuwar kakar wasa da shi. A cikin jirgin da ya ɗauke su zuwa Japan, inda za su buɗe kakar, ya zauna da mai ƙungiyar, Charlie Thomas, suka sasanta. Wannan gaɓa ta labarin tana da muhimmanci a wurinmu, domin tana nuna cewa shekara 17 ɗin nan ba a kan shimfiɗar lumana aka yi su ba. Saura ƙiris a rabu tun a shekara ta takwas, da an rabu kuwa da duk abin da ya biyo baya bai faru ba.

Abin da ya biyo bayan shi ne wanda duniya ta sani. A kakar 1993 zuwa 1994, ƙarƙashin mai horarwa Rudy Tomjanovich, Hakeem ya zama gwarzon gasar, da gwarzon masu tsaron baya, da gwarzon wasannin ƙarshe, duk a shekara ɗaya, abin da ba a taɓa haɗa wa mutum ɗaya ba kafinsa. Suka doke New York Knicks da ci 4 da 3, bayan ya taɓa ƙwallon da John Starks ya jefa a daƙiƙun ƙarshe na wasa na shida, wadda da ta shiga da New York ta ɗauki kofin. A 1995 suka shiga wasannin fitar da gwani a matsayi na shida a shiyyarsu, tare da tsohon abokinsa na jami'a Clyde Drexler, suka bi ta kan Utah da Phoenix da San Antonio, sa'an nan suka share Orlando ta Shaquille O'Neal da ci 4 da nema. Waɗannan kofuna biyu su ne kaɗai ƙungiyar ta taɓa ɗauka a tarihinta.

A tsakaninmu kuwa, abin da aka fi tattaunawa a ƙofar masallaci da ɗakunan kwana shi ne azuminsa. Watan Ramadan na 1995 ya faɗo a Fabrairu, ana tsakiyar gasa, wasu wasannin ma da rana ake yin su. Ya riƙe azuminsa, kuma shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasa na wannan wata. Ɗalibin da ke kukan cewa jarrabawa ta haɗu da azumi, da wannan labari ake rufe masa baki. Tun a 1991 ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem. Haka kuma a 1995 ya sa sunansa a kan takalmin kamfanin Spalding da ake sayarwa a kan dala 35, a zamanin da takalman sauran taurari ke haura dala 100, don kada iyaye marasa ƙarfi su shiga uku. Gaskiya ne cewa ya karɓi takardar zama ɗan Amurka a 1993, ya kuma ci musu zinare a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, abin da ya sosa ran wasu daga cikinmu. Amma mu da aka haifi da yawanmu a Sabon Ibadan ko Agege ko Idi-Araba, mun san nauyin zama mutum mai gida biyu, don haka ba mu cika tsananta masa ba.

To, duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Daga ƙarshen shekarun 1990 jiki ya fara gajiya, gwiwa ta fara ciwo, a 2001 kuma aka gano jini ya daskare masa a ƙafa. Ƙungiyar ta riga ta juya ga matasa irin su Steve Francis. Da kwantiraginsa ya ƙare yana ɗan shekara 38, Houston ta yi masa tayin dala miliyan 13, ya ƙi. Toronto ta yi tayin da ya fi wannan, na shekara uku, sai aka shirya musayar. Saboda haka ba daidai ba ne a ce korarsa aka yi, domin da hannunsa a ciki. Ƙungiya ta auna abin da ya saura a jikinsa, shi kuma ya auna abin da ya riga ya yi mata, ma'aunan biyu suka ƙi daidaita. A Toronto wasa 61 ya yi, yana cin maki bakwai a kowane wasa in an raba daidai, mafi ƙaranci a rayuwarsa, ciwon baya kuma ya tilasta masa ajiye wasa a 2002.

A nan ne muke ganin bambancin al'adu. A kasuwanninmu, yaron da ya yi wa maigida hidima shekara da shekaru ana sallamarsa da jari da albarka, kuma abin kunya ne ga maigida a ji ya yi wa tsohon yaronsa lissafin ƙwandala. Ɗan damben da ƙarfinsa ya ƙare yakan koma gefen fage ya zauna, makaɗa su ci gaba da yi masa kirari. A gasar NBA kuwa akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a kan albashi, don haka duk dalar da aka ba tsoho an hana yaro ita. Ba mu ce tsarinsu mugunta ba ne, domin shi ne ya mayar da ɗan mai sayar da siminti attajiri. Sai dai tsari ne da ke biyan mutum a kan abin da zai yi gobe, kuma sannu a hankali irinsa ne ke mamaye wuraren aikinmu. Kowanenmu ya san wani dattijo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ofis ɗaya, ranar da ya yi ritaya aka karɓi makulli, washegari maigadi ya tambaye shi wurin wa ya zo.

Amma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A watan Nuwamba na 2002 Houston ta jingine riga mai lamba 34, ba mai sake sa ta. A 2008, shekarar da aka shigar da shi zauren gwarazan ƙwallon kwando, ta kafa masa abin tunawa a ƙofar filin wasanta, kuma saboda girmama addininsa ba a sassaƙa siffarsa ba, rigarsa aka yi. Manyan 'yan wasa irin su Kobe Bryant da LeBron James sun bi shi har gida don koyon sarrafa ƙafa, wadda shi da kansa yake danganta ta da ƙwallon ƙafar da ya buga a Legas. Har yau babu wanda ya kai shi yawan tare ƙwallo a sama, sau 3,830, kuma tun 2022 kofin gwarzon masu tsaron baya sunansa yake ɗauke da shi.

Daga cikin wasanni 1,238 da ya buga a gasar, 1,177 a rigar Houston ya yi su. Mutanen garin sun yi fushi da tafiyarsa na ɗan lokaci, daga baya suka dawo kan wannan lissafi. Darasin da muka ɗauka shi ne, wurin aiki yana iya sallamar mutum a duk ranar da amfaninsa ya ragu, kuma wajibi ne mai hankali ya shirya wa wannan rana tun yana da ƙarfi. Abin da ke hannun mutum shi ne irin aikin da ya yi da irin halin da ya zauna da shi, su ne kuma ke sa a sake buɗe masa ƙofa bayan an rufe. Allah Ya sa mu gama da wuraren da muke zaune lafiya, Ya kuma ba mu ikon tunawa da waɗanda suka riga mu yi musu hidima.